Hatimin cokalin azurfar Holan ya goge, yaya zan karanta shi?

Mai Tara Azurfa:
Assalamu alaikum. Akwai wani babban cokali a hannuna, hatimi huɗu a bayan mariƙinsa, duk sun sha guga. Ina ganin zaki, da kan mutum mai kwalkwali, da harafi ɗaya, na huɗun kuwa ya kusa ɓacewa. Masana, ta ina zan fara?

Maƙerin Fari:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa masa maganin goge azurfa, baƙin da ya kwanta cikin ramin hatimin shi ke fito da zanen. Ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi sun isa. Ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance, ka duba da madubi mai ƙara girma sau 10. In bai fito ba, huro masa numfashi: raɓar takan nuna gefen zanen kafin ta bushe.

Fara da tsayuwar zakin. Daga 1814 zuwa 1953, zaki a miƙe kan ƙafafun baya da lamba 1 azurfa ce 934 cikin 1000, zaki mai tafiya da lamba 2 kuma 833. Ko lambar ta goge, tsayuwar ta gaya maka. Daga 1953 aka koma 925 da 835.

Dattijo:
Kan nan na Minerva ne, allahiyar hikima ta tsoffin Rumawa, kuma harafin da ke jikin kwalkwalinta garin ofishin gwajin azurfa yake nufi: A Amstadam, C Heg, D Rotadam, M Schoonhoven. Nan ake yawan ruɗewa, a ɗauke shi harafin shekara. Harafin shekara, mai nuna shekarar da aka gwada azurfar, hatimi ne daban, yana dawowa bayan kimanin shekara 25, don haka ka lura da salon rubutunsa da siffar garkuwar da ke kewaye da shi. Gefen garkuwa ya fi harafin jure guga. Na huɗun na maƙerin ne, galibi haruffan farkon sunansa.

Ka kuma duba ko akwai mabuɗi a kan zakin. An buga shi daga 1853 zuwa 1953 a kayan da aka fitar waje daga Holan, yakan rufe lambar har a zaci gogewa ce.

Mai Tara Azurfa:
Na gode ƙwarai. Zakin tafiya yake yi. Amma a kusa akwai wani mai kuros uku da kambi, shi kuma raɗau yake.

Maƙerin Fari:
To, a nan a yi hattara. Kuros uku alamar Amstadam ce ta zamanin ƙungiyoyin maƙera, kafin ƙarni na 19, kuma ba ta tafiya tare da Minerva. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu maƙera sun riƙa buga irin waɗannan hatimai na kwaikwayo don kaya su yi kama da na da. Azurfarka ta gaske ce, 833, amma shekarunta ka ɗauko su daga harafin shekara. Ɗauki hotonsa da hasken gefe ka turo, a gwada shi da jadawalin haruffan shekaru.