"Tafiya mabuɗin ilimi": wace tafiyar ake nufi?

Ɗan Kurmi: Jama'a, ku raba mu gardama da ƙanena. Shi ya ce wannan karin magana ta shafi kowace irin tafiya, ko cin kasuwar ƙauye ne. Ni kuwa na ce sai irin ta Tei Junsoku, mutumin daular Ryukyu, tsibiran da yau ake ce wa Okinawa a kudancin Japan. An haife shi a 1663, ya haye teku zuwa Fuzhou ta ƙasar Sin neman karatu a 1683, kuma ya yi ta komawa a matsayin jakadan sarkinsu. A 1718 ya sa aka buɗe Meirindo, makarantar hukuma ta farko a ƙasar.

Malamar Firamare: Yaya, misalinka ma ƙaninka yake goyon baya, ta wani ɓangaren. Karin maganar ba ta ce tafiya ilimi ce ba, mabuɗi aka ce. Da yawa suna yawo da mabuɗi a aljihu ba su taɓa zura shi a kwaɗo ba.

Baba Mai Rediyo: Yara, kun manta inda ya fito. Ɗan Kumemura ne, unguwar da ke Naha wadda aikinta ke nan tun kaka da kakanni: koyon Sinanci, tafinta, rubuta wasiƙun fada. Ƙofarsa a buɗe take tun kafin ya taka jirgi. Ni da "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" zan kwatanta shi.

Ɗan Kurmi: Allah ya ƙara girma, Baba, amma 'yan unguwar nawa suka je Sin suka dawo da siliki kawai? Shi da kuɗin aljihunsa ya sa aka buga littafin Rikuyu Engi a Fuzhou, sharhin nasihohi shida: biyayya ga iyaye, girmama manya, zaman lafiya da maƙwabta, tarbiyyar 'ya'ya, riƙe sana'a, barin mugun aiki. A 1714, da ya bi tawagar zuwa Edo (Tokyo ta yau), ya miƙa shi ga sarkin Satsuma, masarautar kudancin Japan da ta danne Ryukyu tun 1609. Daga nan ya kai hannun Yoshimune, shugaban mulkin sojan Japan, aka mayar da shi Japananci mai sauƙi, yara suka riƙa koyon rubutu da shi a makarantun unguwa.

Malamar Firamare: To ai ka ga tsarabar ce ta yi aiki, ba sawun ba. Abin dariya ma, waɗanda suka ci ƙasarsu da yaƙi su suka ƙare da karanta tsarabarsa.

Baba Mai Rediyo: Na sallama rabi. Amma da aka ba shi riƙon gundumar Nago a 1728, halinsa ne ya sa aka riƙa ce masa waliyyin Nago. Wannan suna kam ba a jirgi ya samo shi ba.

Ɗan Kurmi: Ƙanen nawa yana nan yana karantawa. Wai a tambayi Baba, zuwansa Kwatano sayo gwanjo ya shiga lissafi?