Avoka a kan wuta: abin da aka tattara

'Yan uwa, magana ta yi tsawo a kan soya avoka, wadda mutanen Kano ke kira piya. Ga abin da na tsinto daga ra'ayoyin da jama'a suka bayar kan yadda ake soya ta.

1. Kowa ya yarda wuta ce matsalar. In ta jima a kasko ɗaci take yi, kuma babu yajin da zai ɓoye shi. Minti 1 zuwa 2 kowane gefe, a sauke. Ni ma na taɓa barin ta kan gawayi na je amsa sallama, ko yara ba su taɓa ta ba.

2. A Kasuwar Dole ta Damagaram a zaɓi wadda ta nuna amma da sauran ƙarfi, in an latsa da yatsa ta ɗan lotsa kawai. Wadda ta yi luguf fate take zama. Ɗanya kuwa, a ƙunshe ta a takarda tare da ayaba, kwana biyu ko uku ta nuna.

3. Yanka mai kauri, man gyaɗa kaɗan don ita ma mai gare ta. Gishiri da lemun tsami sai bayan an sauke.

Inda aka rabu: wasu na barin ɓawon, su kifa rabin a kan wayar gashi kamar nama. Wasu sun ce a soya albasa da tumatir tukuna, a kashe wuta, sannan a zuba avokar, zafin ya ratsa. Wannan ta biyun ta fi kwanta mini, musamman gefen shinkafa da wake.

Mutum biyu sun ce da tsadarta a Damagaram, gara a shafa ta a burodi a huta.