Misalin bawa marar gafara: dole ne Kirista ya yafe bashin kuɗi?

Mai_Neman_Sani:

Salama a gare ku iyayena da 'yan'uwa. Tambayata a kan Matiyu 18:21-35 ce, misalin bawan da sarki ya yafe wa bashi, shi kuma da fitarsa ya shaƙe wuyan abokin bautarsa. Sau da yawa in an karanta wurin nan a nazarin Littafi Mai Tsarki, sai a tashi da cewa Kirista ba ya bin ɗan'uwansa bashi. To mai shagon da ya ba da kaya bashi fa? Ko matar da ta kwashi adashe a zagaye na biyu, daga nan ta daina zubi? A bar mata ke nan, sauran mata su yi asara? Don Allah a warware mini, da ayoyi in da hali.

Malamin_Lahadi:

Ɗan'uwa, fara da lissafin, don a nan ake yawan tsallake maganar. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini guda, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne. Sarki yana bin bawan talanti 10,000, wato dinari miliyan 60. In lebura yana aiki kwana 300 a shekara, sai ya yi shekara 200,000 kafin ya tara wannan. Galili da Periya gaba ɗaya talanti 200 suke kawo wa mai mulkinsu Hirudus Antipas a shekara, ka ga masu sauraron Yesu sun san bashin ba na biya ba ne. Da bawan ya ce a yi masa haƙuri zai biya duka, magana ce ta wanda ruwa ya ci.

Abin da shi yake bin abokinsa dinari 100 ne, kusan aikin wata huɗu. Ba kuɗin banza ba ne, kada mai koyarwa ya ce "ɗan canji". In kana jagorantar nazari, ka sa mutane su faɗi ladan lebura na yini a garinku, su ninka sau 100, za ka ga fuskoki sun canja.

Yanzu duba aya 28 zuwa 30 da kyau. Abokin bai musanta bashin ba, bai ma roƙi a yafe masa ba. Lokaci ya nema, da kusan kalmomin da bawan ya faɗa wa sarki. An riga an shaƙe shi, amsar da ya samu kuma ita ce kurkuku, inda ba zai iya yin aikin da zai biya ba. Wannan ba neman haƙƙi ba ne, huce haushi ne. Misalin bai soke biyan bashi ba: Zabura 37:21 ta kira mai ci ya ƙi biya mugu, Romawa 13:8 ta ce kada bashin kowa ya zauna a kanmu sai na ƙauna, Zakka mai karɓar haraji kuma da ya tuba ninki huɗu ya yi alkawarin mayar wa waɗanda ya zalunta (Luka 19:8).

Mama_Zumunta:

Ɗana, bari in taɓa na adashe. Sarkin nan dukiyarsa ya yafe. Uwar adashe ba ta da ikon yafe kuɗin mata goma, ba nata ba ne. In tana so ta yi jinƙai, ta cike gurbin daga jakarta, ko ta tara masu zubi su yarda da bakinsu.

Hanyar bi tana sama kaɗan a surar, aya 15 zuwa 17. Uwar adashe ta je gidan matar ita kaɗai, da littafin zubi a hannu, ba a ƙofar coci ranar Lahadi ba, ba kuma ta bakin yara ba. Su zauna su daidaita adadin tukuna, zubi nawa aka yi, nawa ya rage, domin rabin faɗan bashi a kan lissafi yake. Sai ta gane wace iri ce a gabanta: wadda ba ta da shi, ko wadda ba ta so. Mai jinya a gida, ko wadda jarinta ya karye, a raba mata biyan kaɗan-kaɗan, a ɗaura shi a lokacin da kuɗi ke shigo mata, ƙarshen wata in mai albashi ce, kaka in manomiya ce. A rubuta, kowa ya sa hannu. Kada a yanka mata abin da an san ba za ta iya ba, wannan tura ta ga ƙarya da ɓuya ne kawai.

In ta saɓa ba dalili, a koma da mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri. Sai wannan ya gagara ake kai wa dattawan ikilisiya. Abin da ke ɓata lamari shi ne farawa daga ƙarshe: a rubuta sunanta a zauren WhatsApp na zumunta, ko a yi ta habaici cikin addu'a. Wadda aka kunyata a gaban jama'a ba ta da sauran abin karewa, sai ta bar cocin, kuɗin ma ya bi ta.

Gafara kuma daban take da amana. Za a gaishe ta, a je mata barka da ta'aziyya, a ci abinci tare. Amma in an sake sabon adashe, kwasarta ta zo a ƙarshe.

Baba_Dattijo:

Malam da Mama sun yi daidai, sai dai kada mu sassauta misalin har ya daina cizo. Bitrus ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau 7 ya isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in. Ko ka karanta 77 ko 490, ana juya fahariyar Lamek ce a Farawa 4:24, wanda ya yi alfahari da ramuwa har sau 77. Aya 35 kuma ta ce gafarar daga zuciya take fitowa. Mutum na iya bin matakan Mama duka, zuciyarsa tana riƙe da wuyan ɗan'uwansa.

Akwai kuma bashin da ya kamata a bari ɗungum. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In mai bin ba zai kwana da yunwa ba, wanda ake bi kuwa sai ya sayar da hatsin gidansa ko ya cire yaro daga makaranta kafin ya biya, Luka 6:35 ta riga ta yi magana: a ba da rance ba tare da sa ran a mayar ba. Maimaitawar Shari'a 24 ta hana karɓar dutsen niƙa jingina, ta ce a mayar wa matalauci mayafinsa kafin rana ta faɗi. A yau wannan keken ɗinki ne, ko babur ɗin ɗan acaɓa, ko garmar shanu. Wanda ya ƙwace abin neman abincin mutum ya sa shi a kurkukun aya 30, ko da babu ɗan sanda a maganar.

Wanda zai yafe ya faɗa a fili cewa ya yafe, a gaban shaidun da suka san bashin, ya soke a littafi. In ba haka ba, bayan rasuwarsa magada za su taso da maganar. Kuma ba gori. "Na yafe" da ake tunawa da shi duk ranar da aka yi saɓani, bashin yana nan, sunansa kawai aka canja.

Mai_Neman_Sani:

Na gode Baba, na gode Mama da Malam. Saura ɗaya: in dattawa sun yi nasu mutum ya ƙi, a je kotu?

Baba_Dattijo:

Ɗana, karanta 1 Korantiyawa 6:1-8 tukuna. Bulus ya fi son a sami mai hikima cikin 'yan'uwa ya raba gardamar, har ya ce gara a cuce ka. In kuɗinka ne kai kaɗai, ka auna ko za ka iya ɗaukar asarar. In na marayu ne, ko na ƙungiya da aka ba ka riƙo, ba kai kaɗai za ka yanke ba. Ka tara masu haƙƙin da dattawa, a sanar da wanda ake bi a rubuce, a ba shi wa'adi mai rana da wata kafin a ɗauki wani mataki.