Wace kalma za mu ba "music director" a Hausa?

Jama'a, ku taimaka. Ina aikin fassara sunayen ma'aikatan wani shiri mai dogon zango a wani sutudiyo a Surulere ta Legas, irin rubutun nan da ke hawa a ƙarshen fim. Komai ya tafi daidai har na iso kan "music director", na cije. Na kai maganar majalisarmu ta Agege bayan isha'i, sai ga shi har shayi ya huce ba mu tashi ba.

Wani dattijo cikinmu ya ce, "Ɗana, ai makaɗi ne, me za ka wahalar da kanka?" Na ce, Baba, da sauƙi haka ne da ban zo ba. Makaɗi shi ne mai kalangu a hammata ko gurmi a hannu. Wannan kuwa yana iya gama fim bai taɓa ganga ba.

Ku duba A.R. Rahman na finafinan Indiya, wanda aka haifa a birnin Madras na ƙasar a 1967. Mahaifinsa mai haɗa kiɗan finafinai ne, ya rasu yaron yana ɗan shekara 9, har gidan ya koma ba da hayar kayan kiɗan marigayin don a ci abinci. Yana ɗan shekara 11 ya shiga ƙungiyar Ilaiyaraaja, wani babban mai haɗa kiɗan finafinai, yana danna fiyano. A lokacin makaɗi ne, ba gardama. Daga baya ya yi kiɗan tallace-tallace, sai darakta Mani Ratnam ya ba shi aikin kiɗan fim ɗin Roja a 1992. Daga nan aikinsa ya zama wani abu daban: shi zai ƙirƙiro karin waƙa, ya zaɓi muryar da za ta rera, ya ce a nan sarewa za ta shigo, a can a yi tsit. Kyautar Oska biyu da ya karɓa a 2009 ba don iya danna fiyano aka ba shi ba. In muka kira shi makaɗi, mun mayar da shi yaron Ilaiyaraaja.

Wani ya kawo "sarkin kiɗa". Ta yi daɗin baki, amma sarauta ce, a fada ake naɗa ta. Ban isa in naɗa wani Bayarabe sarauta a rubutun ƙarshen fim ba.

"Daraktan kiɗa" ita matasan suka fi so, tunda darakta ta riga ta zauna a bakin 'yan fim. Ba ta da laifi, sai dai rabin aiki ce. Mai kallo a Funtuwa zai ɗauka wani ne mai tsawa a wurin ɗauka.

Wata 'yar'uwa da ke koyarwa a Idi Araba ta turo min saƙo da safe: "Yaya, me ya hana mai tsara kiɗa?" Na juya ta, na ga ta ɗauke duka. Tsarawa ta haɗa ƙirƙira da zaɓe da sanya kowane sauti a gurbinsa, kuma jam'inta ba wuya, masu tsara kiɗa.

Ita na rubuta, na miƙa aikin yau da azahar. Saura kiɗan nan da ke tafiya ƙasa-ƙasa yayin da 'yan wasa ke magana. Baba ya ce "kiɗan rakiya". Ni dai ta kwanta min, ku fa?