Shawarwarin 'yan wasan intanet a Garwa kan daidaita bayanai

Da matasan Garwa ta ƙasar Kamaru masu buga wasannin Free Fire da PUBG suka tattauna ƙa'idar daidaita bayanai, wadda ke hana kamfanin sadarwa fifita wasu bayanai ko rage wa wasu gudu, sun amince cewa babbar damuwarsu ita ce jinkirin saƙo tsakanin waya da rumbun wasan (babbar kwamfutar da ke tafiyar da wasan), domin wasa ba ya cin data sosai, amma jinkirin da ya haura milisakan 150 yakan sa a harbe mutum kafin ya hango abokin gaba.

An fi jaddada sayen data ta gama-gari, tunda mai rahusar da aka keɓe wa WhatsApp da Facebook ba ta ɗaukar wasa, kuma a ganina wannan fifikon ne ya fi shafar mu a nan. Mai zargin ana danne masa gudu ya gwada wasan da VPN (manhajar da ke ɓoye wa kamfanin sadarwa abin da mutum ke yi a intanet), ya sake gwadawa babu shi, idan bambancin ya dawwama ya ajiye hotunan allo ya kai ƙorafi ART, hukumar kula da sadarwa ta Kamaru. Nisan rumbunan da ke Turai kuwa babu dokar da za ta rage shi.

An gargaɗi masu dogaro da misalin Amurka cewa ƙa'idar ba ta dawwama a can ba, inda aka kafa ƙa'idar a 2015, aka soke ta a 2017, aka dawo da ita a 2024, kotu ta rushe ta a 2025.