Wai me muka zo yi duniyar nan ne? Tun rasuwar Baba tambayar ta ƙi barina

Bafagge_a_Legas

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah kar wani ya ɗauka imanina ne ya girgiza, ina sallah ina azumi alhamdulillah, amma akwai abin da ke cina a rai wata huɗu kenan. Babana tela ne a Fagge, sama da shekara 40 yana kan keke ɗaya, da shi ya aurar da yayyena mata uku, da shi ya yi ta ɗawainiya da ni har na gama jami'a duk da yajin aikin 2022 da ya zaunar da mu gida wata takwas. Ya rasu bayan babbar sallah, aka yi uku aka yi bakwai, kafin arba'in mai shago ya zuba wani ɗan haya, yanzu caja da kwandon waya ake sayarwa a gun. Rannan na tsaya a tsallaken titi ina kallo wallahi ko alamar an taɓa ɗinki a wajen babu. Na dawo Legas na ci gaba da tashi 4:30 na asuba ina kokawar shiga mota, albashi ya shigo kafin 15 ga wata ya ƙare. To shi ke nan? A haife ka ka sha wahala ka haifi wasu su ma su sha, a binne ka wani ya shiga shagonka? Don Allah masu shekaru ku yi min magana, ni na rasa wanda zan faɗa wa a gida.

Abu Sumayya

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ɗan'uwa wannan tambayar Allah da kansa ya amsa ta, duba Suratuz Zariyat aya ta 56, bai halicci aljanu da mutane ba sai don su bauta masa. A Suratul Mulk aya ta 2 kuma ya ce ya halicci mutuwa da rayuwa don ya jarraba mu waye ya fi kyawun aiki. Shago dama ba na zama ba ne, duniyar ma gaba ɗaya haya muke. Ka yawaita istigfari da ziyarar maƙabarta.

Uwar Biyu

Allah ya gafarta Malam gaskiya ka faɗa, amma yaron nan ya haddace ayar nan tun yana Islamiyya, bai manta ta ba, ciwo ne ke magana. Ɗana ni na san inda kake. Lokacin da maigidana ya rasu na yi takaba wata huɗu da kwana goma ina kallon takalminsa a bakin ƙofa ina tambayar kaina irin wannan, kuma duk mai zuwa gaisuwa sai ya ce a yi haƙuri ya tashi ya tafi. Abin da ya fara kwance min ƙulli shi ne wata malamarmu da ta ce min ke a zatonki bauta a kan darduma kawai take? Ta kawo min hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, inda Annabi SAW ya ce masa duk abin da ya ciyar don neman yardar Allah za a ba shi lada har lomar da ya sa a bakin matarsa. Loma fa. To ka lissafa min shekara 40 ana taka keke, daren sallah ba barci ido ya yi ja, don yara su ci halal kar su miƙa hannu ga kowa, kai kana ganin wannan a shago aka ajiye shi da mai caja zai zo ya share?

Kuma ka san hadisin abu uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Na ukun kai ne. Na biyun kuma je ka tambayi Hajiyarka yara nawa suka koyi ɗinki a hannunsa, tela a Fagge ba ya shekara 40 bai yaye yara ba.

Sai abu ɗaya, in ka ga barci ya ƙaurace maka ko abinci ba ya shiga ko kana jin gara ma ba ka raye, kar ka ji kunya ka je asibiti, damuwa ciwo ce kamar hawan jini kuma ana maganinta. Ka faɗa wa babbar yayarka ma, kar ka riƙe shi kai kaɗai a garin mutane.

Ɗan Maraɗi

Allah shi gafarta mishi. Ni ba malami ba ne manomi ne ɗan manomi, abin da na gani zan faɗi. Bayan yunwar 1984 gonakinmu nan jihar Maraɗi fili ne fetal, iska na kwashe ƙasa, ka shuka hatsi rairayi shi binne shi sai ka sake shuka. Lokacin ne anka fara abin da muke kira sassabin zamani, wato in kana sharar gona ba ka tumɓuke kututture duka, ka zaɓi tsiro mai ƙarfi ka rage sauran ka bar shi ya tashi. Kakana na cikin waɗanda sunka fara, mutane na yi mai dariya wai gonarshi ƙazama ce. Gawo shi ya fi bari, don gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma bisashe su ci 'ya'yan. Tsohon bai kai ga ganin sun manyanta ba. Yau ni ke girbi ƙarƙashinsu kuma hatsin gindin gawo ya fi na ko'ina tsawo a gonar, ɗiyana ko sunanshi sai an tuna musu. Ban ga wannan ya rage mishi komi ba. Akwai hadisi ma cewa ko alƙiyama ta zo kana riƙe da dashen dabino in kana iya dasawa ka dasa, ka ga wanga dashe ba mai cin 'ya'yanshi amma an ce a dasa.

Kwankwason Jimina

Ni dai ku bar ni in faɗi nawa, rabin tambayar nan talauci ne ya kawo ta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 matasa da yawa haka muke ji, mutum ya yi aiki wata guda kuɗin mota ya cinye. Ba na musun abin da manya suka faɗa amma wanda bai san me zai ci gobe ba dole ya ce me ake yi a duniyar.

Uwar Biyu

Ɗana akwai gaskiya a maganarka, yunwa na sa tunani. Amma na yi aikin jinya shekara da shekaru na ga masu kuɗi a gadon asibiti suna wannan tambayar da kuka.

Bafagge_a_Legas

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Mama na kira Hajiya jiya kamar yadda kika ce, ta fara lissafo min yaran shago tana kai 11 ta ce sauran ta manta, ɗaya ma a Agadas yake yanzu da nasa shagon, ashe ya zo gaisuwa ni ban gane shi ba. Ba zan ce muku nauyin ya sauka ba, da asuba in na fito har yanzu yana nan. Keken Butterfly ɗin yana ɗakin Hajiya a rufe da zani, ƙanena na ta cewa a sayar, na ce a dakata sai na zo ƙarshen wata. Akwai wani yaron maƙotanmu da ya fara koyo wajen Baba bai gama ba, shin in muka ba shi keken da niyyar ladan ya je wa Baba ya halatta tunda gado ne, ko sai duk magada sun yarda? Malam Abu Sumayya don Allah a taimaka min da wannan.