Neman kalmar Hausa: me za mu kira "extrait" a batun tsirrai da bakteriyar ƙwai?

Mai fassara a gidan rediyo:
Assalamu alaikum, malamai. Muna shirya wani shiri na manoma da makiyaya a kan binciken da ake yi game da amfani da abin da ake fitarwa daga tsirrai wajen yaƙar bakteriyar da ke gurɓata ƙwai, amma kalmar Faransanci "extrait" ta gagare mu. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, bai dace mu ci gaba da jefa wa mai sauraro a Tibiri ko Madarunfa kalmar da ba ta gaya masa komai ba. Abokan aikina sun rabu uku: masu cewa jiƙo, masu cewa tsimi, da masu cewa a faɗi "maganin gargajiya" a wuce wurin. Muna neman shawararku.

Likitan dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa wa abu suna ya kamata a ga kamanninsa. Mai bincike yakan shanya ganyen dogon yaro ko na zogale a inuwa, ko ya samo kanumfari ko ƴaƴan bagaruwa, ya niƙa, ya auna garin a sikeli, sannan ya zuba shi cikin ruwa ko alkol na kwana 1 zuwa 3. Bayan ya tace, sai ya ƙafar da ruwan ko alkol ɗin gaba ɗaya, har abin da ya rage a gindin kwalba ya zama ɗan danƙo mai duhu ko gari. Wannan ragowar ita ce "extrait", kuma ita ake sake aunawa a narkar, a san miligiram nawa ke cikin kowace mililita.

Gwajin kuwa a faranti ake yin sa. Ana shafa bakteriyar da aka samo daga ɓawon ƙwai ko gwaiduwa a kan abincinta, a ɗora ƴar takarda mai faɗin milimita 6 da aka jiƙa da abin, a ajiye a zafin digiri 37 na awa 18 zuwa 24. Idan abin yana da ƙarfi, za a ga da'ira fayau kewaye da takardar inda bakteriya ta kasa tsirowa, sai a auna faɗinta. Saboda haka "maganin gargajiya" ya fita daga lissafi tun yanzu, domin abin da ya yi aiki a faranti bai zama magani ba tukuna.

Malamar Hausa:
Na gode, Dakta, bayaninka ya rage mana aiki. Tsimi ba zai yi ba, saboda tsimawa tana nufin a bar abu ya daɗe a ruwa har ya yi ƙarfi, kuma da an ambace shi hankalin mutane yakan tafi ga ƴan tauri ko kayan mata. Dauri na jarirai ne da dabbobi, sassaƙe kuma sunan ɓawon itace ne da aka sassaƙo. "Tatacce" siffa ce mai neman abin da za ta jingina da shi, kuma mataki ɗaya kawai ta ambata cikin aikin. Jiƙo ya fi su kusa, sai dai jiƙo ruwa ne da ake sha ko a yi wanka da shi, alhali Dakta ya ce ruwan ma ƙafar da shi ake yi.

Shawarata ita ce "tatso", daga tatsa, bisa tsarin da ya ba mu roƙo daga roƙa, yabo daga yaba, da jiƙo kansa daga jiƙa. Mai tatsar saniya yana fitar da abin da yake so daga jikinta ya bar saura, wanda shi ne ainihin ma'anar kalmar da muke fassarawa. Sai a ce tatson tafarnuwa, tatson bagaruwa, tatson ruwa ko tatson alkol.

Hajiya mai kiwon kaji da zabi:
Malama, ban ƙi taki ba, amma matan da nake sayen ƙwan zabi a hannunsu da damina sun san jiƙo tun suna yara, tatso kuwa sai an tsaya yi musu bayani. Me zai hana a yi amfani da abin da kunne ya saba da shi?

Likitan dabbobi:
Hajiya, sabon nan shi ne abin da nake tsoro. Idan rediyo ta ce jiƙon dogon yaro yana kashe cutar ƙwai, gobe da safe wata za ta jiƙa ganye a roba ta tsoma ƙwanta a ciki, kuma ta haka za ta jawo abin da take gudu. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma kaza takan lulluɓe shi da wani siririn rufi lokacin da take saka shi. Wanki yana goge rufin, idan kuma ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke ciki yakan tsuke ya zuƙo ruwan da dattin kashin kaji ta waɗannan ƙofofi. A zafin Maraɗi na watan Afrilu da Mayu, inda ake haura digiri 40, bakteriyar da ta shiga ba ta ɓata lokaci wajen yaɗuwa.

Akwai kuma abin da ko tatso na gaskiya ba zai kai gare shi ba. Nau'in bakteriyar Salmonella da ake kira Enteritidis yakan zauna a mahaifar kaza ya shiga ƙwai tun kafin ɓawo ya samu, ta yadda ƙwan zai fito tsaf, ba tsaga ba wari, bai yi kama da baragurbi ba ko kaɗan, amma wanda ya sha shi ɗanye zai iya kwanciya da zazzaɓi da gudawa da murɗar ciki. Wannan sai wuta: a dafa ko a soya har gwaiduwa ta daskare. Ga shi kuma Salmonella da bakteriyar E. coli suna da ƙarin fata ta waje wadda ke sa tatson tsirrai da yawa ya fi wahalar ratsa su fiye da yadda yake ratsa bakteriyar Staphylococcus. Ina goyon bayan tatso daidai saboda baƙuwar kalma ce da za ta sa mai sauraro ya tsaya ya tambaya.

Tsohon malamin makaranta:
Ƴata Malama, ina da gyara ɗaya. A rubuce "tatso" ya yi kama da aikatau, kamar a ce "ya tatso nono", kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Sai dai na lura koyo ma haka yake, ba a taɓa rikicewa ba, kuma da zarar an ce "tatson kanumfari" magana ta fito. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kori jiƙo gaba ɗaya. Inda aka jiƙa ganye aka tace ba a ƙafar ba, jiƙo ne, a kira shi da sunansa. Tafarnuwa kuma ban ga inda jiƙo ya shafe ta ba, tun da sinadarinta alisin, wanda aka ware a 1944, ba ya samuwa sai an daka ta ko an yanka.

Mai fassara a gidan rediyo:
Allah ya saka da alheri, Baba, da ku duka. Mun tsaya a kan tatso ga abin da aka ƙafar aka auna, jiƙo kuma ga ruwan da aka tace kawai. Salmonella za mu bar ta yadda take, tun da daga sunan likitan dabbobi na Amurka Daniel Salmon aka samo ta, kuma za mu ce bakteriya maimakon "ƙwayoyin cuta", domin "ƙwayoyin cuta a cikin ƙwai" yana sarƙe harshen mai karanta labari, ga shi kuma ya haɗa bakteriya da bairos a buhu ɗaya.

Hajiya mai kiwon kaji da zabi:
Na amince, Malam, da sharaɗin duk inda kuka ce tatso a shirin ku biyo shi da gargaɗin Dakta na kada a wanke ƙwan da za a ajiye. Sannan wannan lissafi na miligiram a mililita, ƙarfin tatso za ku kira shi ko kaurinsa? Ni dai a wurina kauri na kunu ne.